Bashen marigayi da motar yanka

Wasiƙar wannan mako ta zo daga wani malamin makaranta mazaunin unguwar Birni a nan Zinder, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 a-kori-kura mai shan fetur, irin wadda muke kira bashe. Da ita ya ciyar da mu, yana ɗauko rake daga Matamaye, yana kai gero da wake kasuwar Miriya ranar Lahadi. Yau shekara 8 tana tsaye a cikin gida, tayoyi sun kwanta, kuma ba a saka ta a rabon gado ba. Mu biyu ne maza, da ƙannenmu mata biyu, sai Inna. Yayana yana so a sayar wa ƴan gwangwan a raba kuɗin, Inna kuwa da zarar an ta da maganar sai hawaye. Na tara jika 900 na sefa. Wani makaniki ya samo mini 505 salun mai injin dizal da ta yi hatsari, ya ce in saya a yanka, a kwashe inji da giya da ƙafar baya da kujeru a zuba wa tamu, a ƙara mata lam, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin baya, ta riƙa ɗaukar buhu 20. Niyyata in ce na kai ta gareji a duba, in yi aikin shiru, sai dai su ga mota ta dawo da ƙafarta. In ci gaba?"

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Amsata ita ce kada ka ci gaba a kan wannan tsari, amma kuma kada ka fid da rai da motar, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma bashe irin wannan tana cikin motocin da suka fi karɓar gyara. Abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne hankalinka duka ya tafi kan abin da motar yanka za ta ba ka, alhali abubuwan da za su yanke hukunci a kan wannan aiki suna cikin waɗanda ba ta iya bayarwa. Za a iya ciro mata inji a saka wa taku, amma ba za a ciro mata ƙashin baya ba, ba za a ciro mata takardu ba, balle ta mayar da motar ta zama taka.

Da wannan na ƙarshe zan fara, ko da yake na san ba shi ka so ji ba. Motar da ba a raba ba dukiyar magada ce baki ɗaya. Idan marigayi bai bar iyaye ko wata matar ba, kuma an biya bashi da wasiyya, lissafin gidanku yana fita ne daga kashi 48: Inna tana da sumuni, wato kashi 6, kai da Yayanka kowa 14, ƙannenku kowace 7. Ke nan abin da ka mallaka a jikin wannan ƙarfe bai kai sulusi ba. Ana cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, to a nan kam zai zama, domin ranar da ka zuba jika 900 motar ta tashi tana kawo kuɗi, kowane magaji yana da bakin cewa a ba shi rabonsa a kan darajarta ta ranar, kai kuma ba ka da shaidar da za ta ce an yarje maka ka kashe ko dala. Gidaje da yawa sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba. Hanyar da ta dace ita ce a kira mutum biyu da suka san kasuwar mota, waɗanda ba su da niyyar saye, su yi mata kuɗi yadda take a tsaye, sannan a zauna gaban malamin da ya san rabon gado ko gaban alƙali, ka sayi kason sauran, a rubuta, shaidu su sa hannu. Idan ƙannenka sun ce sun bar maka nasu, ka tabbata ba kunya ce ta sa su ba, kuma shi ma a rubuta.

Yayanka ba abokin gaba ba ne. Mutumin da ya ga shekara 8 ta wuce dukiya tana narkewa a rana yana da hujja, kuma mai yiwuwa yana da buƙatar da bai faɗa maka ba. Ka je masa da tayin kuɗi a hannu, wanda ya ɗara abin da ƴan gwangwan za su ba da a kan kilo, za ka ga magana ta yi sauƙi. Ita kuwa Inna, ina zaton abin da take gudu shi ne ta ga an shigo da guduma an farfasa abin da mijinta ya sha wahala a kai. Ka zauna ka gaya mata niyyarka tun yanzu, ka nemi albarkarta. Ba-zatan da kake shirya mata zai fara ne da ranar da za ta ga an ja motar an fita da ita ba ta san dalili ba, kuma wannan ranar ba za ta yi mata daɗi ba.

Kafin ma a yi mata kuɗi, a duba ita motar da kanta. Peugeot ta fito da 504 a Faransa a 1968, amma sai bayan fiye da shekara 10 ta fito da bashenta, domin jikin salun dunƙulalle ne, ba a gina shi don a ɗora masa akwatin kaya ba, sai da aka sake tsara bayan motar gaba ɗaya aka ƙarfafa shi. Wannan bayan, da ƙarafan da ke ɗauke da akwati da wuraren da lam ke rataye, shi ne motar. A tura ta fili, a ɗaga, a kankare ƙasa da tsohon mai, a bi ƙarfen da guduma ƙarama ana saurare. A duba wuyan da gidan direba ya haɗu da baya, domin nan ne lodi mai yawa ke karya bashe, a duba ko akwai tsohuwar walda da aka lulluɓe da fenti. A ja zare daga tsakiyar tayar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, a sake ja ta ɗaya gefen, idan tsawon ya bambanta sosai motar ta karkace. Sa'arku ita ce busasshiyar iskar Damagaram ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku, sai dai motar da ta daɗe a cikin gida tana da nata maƙiyan: ruwan damina da ke kwanciya a daɓen direba, ruwan batir da ya zuba a mazauninsa, fitsarin awaki a gindin ƙofofi, da ɓeraye da ke cin waya.

Na kuma lura ba ka ce injin ya mutu ba, cewa ka yi ta tsaya. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Kada a kawo batir a murza makulli don a gani, domin injin da ya bushe shekara 8 yana iya karya ringi a murzawa ɗaya. A cire filogi, a zuba ɗan bakin mai a kowane silinda, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu ta gaba da sifana. Idan ya juya, a zubar da tsohon mai, a sauke tanki a wanke, domin tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe kafireta, sannan a tashe shi a auna matsin silinda. Injin fetur na 504, ko mai girman cc 1796 ne ko mai cc 1971, yana da wata kyauta da masu shi suka daɗe suna mora: bututun da fistan ke kai-komo a ciki, wanda makanikanmu ke kira shamis, cire shi ake yi a saka sabo, ba sai an kai injin an gurza ba. Da sabon shamis da fistan da ringi da gasket, inji yakan dawo kusan sabo. Kayan kuma ba su yi wuya ba, tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, kuma abin da ba a samu a Zinder ba ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano.

Yanzu ga motar da aka samo maka. 505 ta fito a 1979, kuma ƴar gida ɗaya ce da 504, sun yi tarayya a injuna da giya, shi ya sa shawarar makanikin ba shirme ba ce gaba ɗaya. Amma maganar ƙafar baya kuskure ce babba. Salun 505 kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai a kan hannunta da sifirin mai naɗi, an yi ta ne don jin daɗin fasinja huɗu da jakunkunansu. Bashe kuwa tana da aksul guda miƙaƙƙe, wanda ake kira pon, zaune a kan lam, kuma haƙoran cikinsa an zaɓe su ne don jan kaya. Babu mazaunin da ƙafar salun za ta hau a ƙarƙashin bashe sai an yanka an yi walda, kuma bayan an gama ɓarnar abin da za a samu shi ne mota mai akwati wadda ba ta ɗaukar kaya. Jikin 505 ma ba ya shiga na 504: ƙofa, gilashi, fitila, murfin inji, babu wanda zai zauna. Idan waɗannan kake buƙata, kuma motar da ta shekara 8 a rana takan buƙace su, motar yankan da ta dace da kai ita ce wata 504, salun ko doguwa, domin daga hanci zuwa ƙofofin gaba kusan abu ɗaya ne da taku. Wadda ta fi duka ita ce wata bashen da bayanta ya karye amma gabanta da pon ɗinta suna da lafiya. Kujeru kuwa, ka bar dogon bencin marigayi a sake masa soso da fata, yana ɗaukar mutum uku, kujerun 505 biyu kawai za su ba ka.

Sai maganar dizal, wadda na san ita ce ta fi jan hankalinka saboda rashin shan mai. Abu ne mai yiwuwa, domin kamfanin da kansa ya fitar da bashe mai injin dizal mai girman cc 2304, irin wanda ke cikin 505 da yawa. Sai dai abin da ake kira canjin inji a baki ya fi inji yawa a aikace. Dizal ya fi nauyi, don haka sifirin gaba na fetur zai durƙushe. Matsinsa ya ninka na fetur fiye da sau biyu, saboda haka yana son babban batir da kik mai ƙarfi da filogin ɗumama inji da wayarsu. Yana buƙatar bututun da ke mayar da rarar gazuwal, wato man dizal, zuwa tanki, da matatar da ke raba mai da ruwa, da mazaunan inji nasa, da salansa tasa, da lagireto mafi girma. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa har sai an taka birki an ji shi kamar dutse: injin fetur da kansa yake zuƙo iskar da ke sassauta birki, dizal kuwa sai da famfo na musamman. Bayan haka dizal ba ya juyawa da sauri kamar fetur, saboda haka idan aka haɗa shi da pon ɗin fetur ba tare da lissafi ba, za ka hau kwaltar Takeita inji yana kururuwa mota ba ta gudu. Sannan wannan inji ba ya yafe zafi. Ya tafasa sau ɗaya a ranar Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, kan injin yana iya tsagewa, kuma gyaran famfon mansa da nozul ba aikin kowane gareji ba ne. Injin fetur mai kafireta kuwa, ko a hanyar Tanut ya tsaya, za ka sami yaron da zai tashe shi da sukundireba da waya. Ra'ayina shi ne ka tashe ta da fetur yadda marigayi ya bar ta, ta yi aiki shekara guda kana rubuta abin da take sha da abin da take kawowa. Idan lissafi ya nuna dizal zai biya kansa, a lokacin ka nemi wanda ba shi da turbo, tare da duk kayan da ke kewaye da shi daga mota ɗaya.

Duk motar da za ka saya don yanka, wannan ko wata, ka tambayi ta ina ta bugu. Wadda aka daka ta baya ko ta gefe takan bar gabanta lafiya. Wadda ta yi karo da hanci takan lanƙwasa kayan sitiyari da ƙafar gaba ta yadda ido ba ya gani, kuma waɗannan ba a miƙe su a mayar wa motar da za ta ɗauki rai. Wadda ta kife, a tambaya ko injin ya ci gaba da aiki tana kife, domin minti kaɗan ba tare da mai yana zagayawa ba ya isa ya cinye shi. Kada ka yi cinikin biri a sama: a tashi injin a gabanka yana sanyi, ka ga kalar hayaƙi, ka buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa yana kumfa, ka zaro sandar mai ka ga ko ya koma kamar shayi da madara. Idan an ce ba ya tashi saboda waya ta tsinke, to a saye shi a kuɗin wanda ba ya tashi.

Buhu 20 kuwa, ka cire shi daga zuciyarka. An gina bashen 504 don kaya kimanin tan ɗaya da ɗan abin da ya hau, wato wajen buhu 10 na kilo 100 tare da direba da yaron mota. Na san abin da muke gani ranar Alhamis a bakin kasuwar Dole, mota ta tsuguna har ƙasa da mutane a saman kaya, kuma na san da yawa suna isa gida. Amma ƙarin lam abu ɗaya yake yi, yana hana ido ganin motar ta tsuguna. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya, ba ya ƙara wa sandar da ke cikin pon, kuma nauyin da lam ta daina sha yana komawa ne kan wancan wuyan da na ce a duba. Falle ɗaya a kowane gefe don maye gurbin gajiyar tsufa ba laifi ba ne, ninka kaya kuwa shi ne hanyar da ta kai yawancin ƴan'uwanta hannun ƴan gwangwan.

Akwai sauye-sauyen da nake goyon baya, kuma ba su da tsada. Giya mai 5 daga 505 tana rage shan mai a doguwar kwalta, da sharaɗin a gwada wutsiyarta da farfela kafin a biya kuɗi. A tsefe lagireto a wanke, a sake dukkan tiyo da bel, a saka ma'aunin zafi mai aiki a gaban direba. A ƙara matatar mai ta biyu saboda ruwa-ruwan kwalba da ba a rasa saye a ƙauye, a kula da matatar iska saboda ƙurar hunturu. Birki kuma ba a ɗauko masa tsohon roba daga motar yanka, dukkan robobinsa da tiyonsa da mansa sababbi za a saka. Taya a nemi ta ɗaukar kaya, a karanta lambobi 4 da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a zafin kwalta ko da zanenta bai goge ba.

Takardu ba su da daɗin magana amma su ne ke tsayar da mota a gaban jandarma. Nemo kart giriz ɗin marigayi, wato katin rajistar motar, ka gwada lambar da ke ciki da wadda aka buga a jikin motar, sannan bayan rabon gado a mayar da ita sunanka. Irin man da mota ke sha yana rubuce a cikinta, saboda haka komawa dizal yana nufin komawa ofishin sufuri a gyara takarda, kuma ya kamata a tambayi sharuɗɗansu kafin a kwance ƙusa ɗaya, haka ma biziti, wato takardar duba lafiyar mota, da inshora. Motar yanka ita ma sai da takardarta da rubutacciyar yarjejeniyar ciniki da shaidu, domin injin da aka ciro daga motar sata yana bin mai shi har gida. Idan wani ya ce a ciro farantin lambar wata mota a manna wa wata don a sauƙaƙa, ka tashi daga wurin.

Game da makanikin, ban ce ba shi da amana ba, amma mutumin da ya ce a saka ƙafar salun a bashe ya kamata a ji bakin wani kafin a miƙa masa aiki. Nemi dattijon da ya tsufa a kan 404 da 504, har yanzu akwai su a garin nan, ka biya shi kuɗin dubawa kawai. Wanda za ka ba aikin, ku rubuta abin da zai yi da kwanakin da zai ɗauka, ka riƙa biya mataki-mataki, kayan kuma kai ka saya da hannunka tare da shi. Yankan motar a yi shi inda idonka yake, a ɗauki hoton kowane haɗi da waya kafin a kwance, ƙusoshi a zuba su a gwangwani dabam-dabam da rubutu, abin da ya rage a sayar ya rage maka asara. Kowa ya san motocin da suka shiga gareji da alƙawarin wata ɗaya, yau kaji ke ƙwai a cikinsu, kuma yawancinsu kuɗi ne ya ƙare bayan an riga an warwatsa su. Daga jika 900 ɗinka za a fara cire kason magada, abin da ya rage ka ware kashi ɗaya cikin huɗu kada ka taɓa, domin sai an buɗe ake ganin sauran ciwo. Birki da sitiyari da taya su ne farko, sai inji da ruwa, sai wuta, fenti da tamfol kuwa sai motar ta fara biyan kanta.

Ya rage in faɗi abin da zai yiwu ka tarar. Idan aka ɗaga motar aka ga bayanta ya tsage a wuya, ko ya karkace, ko tsatsa ta cinye inda lam ke rataye har guduma tana nutsewa, to Yayanka ne ke da gaskiya, kuma babu motar yankan da za ta cece ta. Ko a nan ba ƴan gwangwan ne mafita ba. Bashen da ke da inji da giya da pon da ƙofofi da gilashi tana da masu nema a cikin masu irinta daga nan har Magarya, kuma sayar da ita ga wanda zai tashi tasa da kayanta ya fi awon kilo kuɗi nesa ba kusa ba. Idan ta kai ga haka, a gaya wa Inna motar wa za ta shiga, a yi cinikin a wajen gida, kuma kafin a ja ta ka kwance tambarin zakin da ke hancinta ka ba Inna tare da makullin.